Durowar Ƙasa

Ranar da aka kawo kwamfutoci asibitin, kowa ya shiga layin ɗaukar hoto da su. Banda Baba Mai Kati. Shi yana ɗakinsa yana ɗaure fayil da jan zare, ko leƙowa bai yi ba.

Shekara ashirin da takwas ya yi a ɗakin nan, saura biyu ya yi ritaya ya huta. Ka faɗa masa lambarka, kafin ka rufe baki ya zaro maka katinka, har ya tuna maka ranar da ka suma don ka ga allura.

Amma akwai durowar ƙasa. Fayil goma sha tara ne a ciki, na masu ciwon nan da ake rage murya kafin a faɗi sunansa. Waɗannan ba sa bi ta hannun nas. Baba ne zai kai wa likita hannu da hannu, shi zai karɓo maganin da lamba, ba suna. Makullin kuwa a wuyansa yake, ko wanka da shi yake shiga.

Sabon shugaban asibitin matashi ne, ya sha boko, takalminsa kana iya duba fuskarka a ciki. Ya tara ma'aikata ya ce daga yanzu bayanin kowane mara lafiya zai hau kwamfuta, asibiti arba'in su gani da dannawa ɗaya.

Baba ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ita kwamfutar tana da durowar ƙasa?"

Aka kwashe da dariya, wata nas har da ƙwarewa.

"Baba, akwai lambar sirri," in ji shugaban.

Akwai kam. An rubuta ta ɓaro-ɓaro an manna a goshin kowace kwamfuta, wai kar a manta. Har mai shara ya haddace ta.

Baba bai ƙi aiki ba. Da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar hatsi, ya shigar da fayil dubu shida. Sha taran nan ne dai, yau makulli ya cije, gobe ido na masa ruwa. Aka sa masa suna Baba Durowa. Wasu suka ce magani yake sacewa yana tarawa a ciki.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tsokanarsa ba, mahaifiyar shugaban. Duk Talatar farkon wata takan kawo wa ɗanta abinci a kula, wai na asibiti ba ya riƙe masa ciki. In ta fito sai ta biya ta tagar kati a gaisa.

"Malam, ya haƙuri da yaran nan?"

"Sai godiya, Inna. Kawo kular in ɗauraye miki."

Ya shiga ciki da ita, ya dawo mata da ita a rufe. Shekara da shekaru haka, tun ɗan yana ƙaramin likita.

Takardar gargaɗi ta zo, ta biyu ta biyo ta. Baba ya je ofis, ya tsaya hannu a baya.

"Ranka ya daɗe, a bar mini sha taran nan a takarda. Amana ce."

"A tsarina babu wanda ya fi wani, Baba. Ko makulli, ko aikinka."

Baba ya taɓa wuyansa, ya fita da makullinsa. Washegari aka ba shi takardar sallama. Kafinta ya ɓalle durowar cikin minti biyu. Mutanen kamfanin kwamfuta, waɗanda ba su san kowa a asibitin ba, suka shigar da fayilolin kafin a tashi aiki. Shugaban ko buɗe ɗaya bai yi ba, ya ce ƙura na sa shi atishawa.

Aka sa bikin ƙaddamarwa ranar Talata, farkon wata. Manyan baƙi, kujeru, majigi na haska bango. An ba mahaifiyar shugaban kujerar gaba, ta ga aikin ɗanta. Baba ya zo kwasar kofinsa da silifas, ya maƙale daga baya.

"Yau babu sauran ɓoye-ɓoye a wannan asibiti," in ji shugaban. "Har na cikin durowar nan mai tarihi sun shiga. A buɗe mana na farko!"

"Ranka ya daɗe, kar ka..." Mai gadi ya ja Baba gefe.

Bango ya cika. Sunan mahaifiyar shugaban, shekarunta, sunan ciwon da manyan baƙaƙe, da jerin magani na shekara goma sha ɗaya. Aka fara tafi, tafin ya mutu a hanya. Shugaban yana ta murmushi shi kaɗai, don bai juya ya kalli bangon ba tukuna.

A layin gaba kula ta kuɓuce daga hannun tsohuwar, murfin ya yi gefe, robar maganin da ta kawo a sake cika mata ta gangara, ba ta tsaya ba sai a jikin takalmin ɗanta.