Tambayoyin da Tarsem Ya Ƙi Amsawa

Daga tashar jirgin ƙasa ta Jalandhar a Indiya, Manveen ba ta biya gida ba, gona ta wuce da jakarta. Ta tarar da mijinta Tarsem a bakin injin ban-ruwa, rawaninsa ya jiƙe da gumi. Shekaru ta yi tana aikin jinya a Kanada, tana faɗi-tashin a ba shi izinin zama ya biyo ta. Ƙarshe ofishin jakadanci ya hana, wai aurensu na bogi ne.

Ta ce, "Lauyana ya gano amsoshin da ka ba su. An tambaye ka ranar aurenmu, ka ce ka manta. An tambaye ka sunan mahaifina, ka yi shiru. Mutumin da ka ɗauki gawarsa a kafaɗarka, Tarsem?"

Ya sunkuya yana gyara bututun da ba abin da ya same shi. "Ruɗewa na yi."

"Kalle ni ka maimaita."

Ya ɗago, amma idonsa ya kasa tsayawa a nata. "Mahaifiyata ta tsufa. Gonar nan kuma wa zan bar wa? Gani na yi idan su suka hana, ba za ki ji haushina ba."

"Da ka ce min ba ka son zuwa, na rantse da tuni na tattaro na dawo. Amma ka gwammace ka nuna wa baƙo ba ka san ni ba."

Ya miƙa hannu zai karɓi jakar, ta mayar da ita bayanta.

"Bar ta. A gidanmu zan sauka."

Ta juya ta bi ta tsakiyar alkamar da ke gonar. Ya kira sunanta da ƙarfi, amma bai bi ta ba.