Jar Kula a Kife

Ana jibi Sallah, Ɗanasabe na jera kulolin abinci a gaban rumfarsa, a wata kasuwar ƙauye da ke kan hanyar Kafur. Lokacin ciniki ne. Masu shirin kwasar iyali zuwa bakin dam yawon Sallah na neman abin zuba shinkafa, manoma na neman wadda za ta riƙe zafin tuwo har azahar.

Mai hawa uku ce kaɗai ba ya son taɓawa. A irinta matarsa Ladidi take kai masa abinci gona: tuwo a ƙasa, miya a tsakiya, a sama kuma 'yar tsokar da take ɓoye wa autansu Mansur. Ɗakin Mansur take ce wa hawan saman, wasansu ne na cikin gida. Tana ɗauke da ita 'yan bindiga suka tare ta bara, da kakar masara, suka yi daji da ita. Waɗanda suka kuɓuto sun ce a kwance suka baro ta, ko kai ba ta ɗagawa. Aka yi zaman makoki, aka watse. Shi kuwa Ɗanasabe ƙiyayya ce fal cikinsa, bai kuma taɓa ɓoyewa ba.

Tun daga lokacin 'yan kasuwar suka ƙulla shiri da 'yan sa-kai. Mutanen daji ma ciki gare su, dole su riƙa aikowa a yi musu sayayya. Don haka kowace rumfa da alamarta. Ta Ɗanasabe ba wuya: in ya kifa jar kula a saman jeri, to, wanda ke tsaye gabansa ba na kirki ba ne. Abin da ke biyo baya kuwa kowa ya sani, ba a dai faɗa.

Wajen hantsi wani dogon mutum ya tsaya a rumfar Gwaggo Hansai mai robobi, maƙwabciyarsa. Suka ɗan yi magana, ta nuna masa rumfar Ɗanasabe da haɓa, sannan ta ɗauki mayafinta ta wuce gidan suna.

Mutumin ya yi sallama, murya ƙasa-ƙasa.

"Kai ne Malam Ɗanasabe?"

Ɗanasabe ya ɗago kai. Ina ya san sunansa?

"Kula nake so ta iyali," in ji baƙon. "Za mu fita shan iska da Sallah."

"Ku nawa ne?"

"Muna da yawa."

Shan iska dai! Ɗanasabe ya ƙare masa kallo. Kafaɗar rigarsa ta dama ta koɗe, irin cin da igiyar rataya bindiga ke yi. Takalmin robarsa ya sha laka, alhali rabon garin da ruwa an kwana biyu. Uwa-uba bai tambayi farashi ba, a kasuwar da mai sayen allura ma sai ya yi tayi har ya yi gumi.

Ɗanasabe ya sauko masa da manyan, masu ɗaukar abincin gayya. Ya nuna masa mai kulle biyu wadda ba ta zubar da miya ko a bayan babur. Da gangan ya ce babur, don ya ga idonsa. Baƙon ya girgiza kai.

"Mai girkinmu ta ce sai mai hawa uku."

Shi ya miƙa hannu ya ɗauko da kansa. Ya buɗe saman, ya leƙa, ya rufe. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya sake buɗewa.

"Wannan na saman, yaya kuke ce masa?"

"Kwano."

"Ba shi da wani suna?"

"Malam, kwano ai kwano ne."

Jan lokaci yake yi, Ɗanasabe ya ce a ransa, ƙirga rumfuna yake yi da hanyoyin fita. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, to bare wannan da ba tsumma ba ne. Ya yi kamar yana gyara jeri, ya ɗauki jar kular ya kifa a sama.

Ba a daɗe ba 'yan sa-kai suka iso, ta gaba da ta baya. Baƙon bai yi gudu ba, sai ma ya rungume kular a ƙirji, yana kallon Ɗanasabe.

"Ku tsaya, aiko ni aka yi! Malam, ka saurare ni..."

Gora ta katse shi. Ai dukkansu haka suke cewa. Aka ɗaure shi, aka sa shi tsakiya a kan babur, aka yi gangaren rafi da shi. Kular ta tarwatse a ƙasa, kowane hawa ya kama gabansa. Ɗanasabe ya tsince su yana gogewa, rabon da ya ji sanyi a ransa irin na yau tun bara.

Kafin la'asar baburan suka dawo, babu kowa a tsakiya. Babbansu ya ɗaga wa Ɗanasabe hannu.

"Wannan kam ya gama sayen kula."

Yana cikin kwashe kaya Gwaggo Hansai ta dawo daga gidan suna, da ƙullin goro a hannu, ba ta san wainar da aka toya ba.

"Ɗanasabe, baƙon nan ya same ka kuwa? Bawan Allah, ya ce daga nesa ya tako, a ɓoye. Wai wata baiwar Allah da ke yi musu girki ce ta roƙe shi ya nemo ka, in ka gane kular da take nufi, ya nuna maka hanya. Ni dai na ce masa ban taɓa jin irinta ba. Wai mai ɗakin Mansur."