Curin Garin Katako

Tunda na ga kai ma da ido kake auna abu, zauna in ba ka misali. An yi wata mata a bayan layin 'yan katako, gwanar girki ce ta gaske. Ba ta yarda da kowane ice ba sai na ƙirya. Manyan gumagumai take sa a faskara mata, ta jera su a jikin katanga har su kai kafaɗarta. Wata rana ƙanenta, wanda kafinta ne, ya kawo mata buhun garin katako da aka matse da inji ya zama curi-curi, kowanne bai fi sabulun wanki girma ba. Ya ce, "Yaya, wannan ya fi ice wuta, kuma ba ya hayaƙi. Amma kaɗan-kaɗan ake sa shi." Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya a tafin hannu, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai wannan ko ruwan shayi ba zai tafasa ba. Ta tura buhun lungun ɗakin girki, ta manta da shi.

Sai ga ranar da dangin mijin 'yarta za su zo gaisuwa, karo na farko tun bayan biki. Da safe aka tafka ruwan sama, icen nan ya jiƙe sharkaf. Ta hura, ta fifita da faifai, ta zuba kananzir, ba abin da ke tashi sai hayaƙi mai sa hawaye. Ga kaji a fige, ga rana tana ta yi. Dole ta jawo buhun. Da yake ta raina abin, sai ta danƙara shi a murhu yadda ta saba danna faskare, ta kunna, ta ɗora tukunyar miya, ta shiga wanka, tana cewa a ranta in ta fito ko ɗumi ya yi an gode Allah. Tana tsakiyar wanka ƙauri ya iske ta. Ta fito da ɗaurin ƙirji, kumfa a wuya, ta tarar murhu ya yi jawur, miya ta ƙone ƙurmus. Sa'arta ɗaya, ba ta riga ta zuba naman ba.

Ta tsaya tana kallon tukunyar, sai dariya ta kuɓuce mata, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya. Maƙwabciyar ta shigo, suka kwashi garwashin suka raba wa murhu biyu, tuwo a ɗaya, sabuwar miya a ɗaya, tana jefa curi ɗai-ɗai in wuta ta yi ƙasa. Kafin baƙi su yi sallama an kwashe tuwo an rufe. Suka ci suka suɗe hannu, uwar mijin ma har ta nemi ƙari. Da yamma matar ta aika wa ƙanenta da kwanon tuwo da cinyar kaza, da saƙon cewa ya ƙaro mata buhu guda, amma ya bayar a kawo, kada ya zo da kansa ya yi mata dariya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.