Mai Wankin Hula da Ɗan Kwikwiyo

Ka ce kunyar idon jama'a ce ta sa ka kau da kai jiya, ka yi kamar ba ka san mutumin nan ba. To, gyara zama in ba ka wani misali, in ya so ka auna da kanka.

An yi wani mai wankin hula a wani gari, mutum mai tsabta har ta so ta yi masa yawa, irin wanda ko ƙuda ne ya sauka a kan hula sai ya sake ɗauraye ta. Da tsabtar nan yake ci, don duk dattawan unguwa shi suke kai wa hulunansu na Juma'a. Wata safiya da damina ya je zubar da ruwan sabulu a kwata, sai ya tarar da ɗan kwikwiyo kwance cikin taɓo, amalanke ta taka masa ƙafar baya, ko kukan kirki ba ya iyawa. Ya duba gabas ya duba yamma bai ga kowa ba, ya naɗe shi a tsumma ya shige gida. Ya ɗaure ƙafar da karan dawa guda biyu, ya sa shi cikin tsohon akurkin kaji a bayan ɗaki. Kullum sai ya jiƙa masa ƙanzo, in an dama koko ya rage masa, sannan ya wanke hannu har sau bakwai kafin ya taɓa hular kowa. Ya ja wa iyalinsa kunne kada kowa ya ji, domin a ganinsa ranar da aka san akwai kare a gidan da ake wanke hular salla, ranar kasuwarsa ta mutu.

Bayan wata biyu ƙafa ta warke, murya kuma ta fara buɗewa, akurki ya yi kaɗan. Sai ya tuna da wani mai lambu can bakin fadama, wanda birai suka hana sakat. Da sassafe ya sa ɗan karen cikin kwando, ya rufe da buhu, ya ɗaure a bayan keke ya kai masa. Abu ɗaya ya roƙa: kada ya faɗa wa kowa daga inda karen ya fito. Mai lambu ya riƙe amana, ya kuma riƙe kare da kyau. Shi kuwa mai wankin hula, ya yi kwana uku yana jiƙa ƙanzo da safe kafin ya tuna babu mai ci.

Ana nan, wata Juma'a da rani, dattawa na zaune a kan benci ƙofar shagonsa suna jiran hulunansu, sai ga mai lambu ya biyo da jaki da kayan albasa, kare na biye, ya girma ya yi sheƙi. Kare ya tsaya cak, ya shaƙi iska, ya sheƙo a guje. Ya ratsa tsakanin dattawa ya zube a ƙafar mutumin nan, yana birgima yana kaɗa wutsiya yana ɗan kukan murna. Mai wankin hula ya ɗaga kai. Bai ga kare ba, idanun da ke kan benci kawai ya gani. Ya rarumi guntun iccen da yake ɗora hula a kai don ta bushe, ya maka masa, yana cewa, “Karen wane ne wannan? Ni ban san shi ba!” Icce bai sami ko'ina ba sai ƙafar nan ta baya, daidai inda ya taɓa ɗaurewa da hannunsa. Abin da ya fi ba ni takaici, karen bai gudu ba. Ya ja jiki gefe yana kallonsa, wutsiyar ma ba ta daina motsi ba. Mai lambu ya sunkuci karensa ya ɗora a kan buhunan albasa ya wuce.

Sai mafi tsufa a cikin dattawan ya miƙe ya ce, “Haba malam. Katangar gidanka ba ta kai kafaɗa ba, tun kwanan farko muke jin kukansa. Ƙasusuwan da kake tsinta bayan akurki, ka ɗauka daga sama suke faɗowa? Ni nake jefawa. Mun yi shiru ne don mun ga ba ka so a sani, har muna cewa wanda ya ji ƙan kare ba zai cuci mutum ba.” Ya ɗauki hularsa da sauran danshinta ya tafi. Ba wanda ya zagi mai wankin hula, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Ranar ko masallaci sai da ya bari sahu ya cika ya raɓa daga can baya, kansa a ƙasa.

Washegari ya jiƙa ƙanzo a kwano ya taka har fadama. Da karen ya hango shi sai ya ja ƙafa ya shige ƙarƙashin rumfar albasa. Ya yi kira, ya yi fito, ya durƙusa a taɓo da fararen kayansa har rana ta take, karen bai fito ba. Ya ajiye kwanon ya juyo.

Ka ga mutuncin da ya ɗaga icce don ya tsare, ashe ɗan karen nan ne ya sama masa shi tun farko. Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido.