Sabon Ɗan Ƙungiya

Dogo ya rufe ƙofar ɗakin ajiye tsintsiya, ya rage murya.

"Tunda muka haɗa wa kamfani manhajar sa ido kan ma'aikata, ko fitsari sai da izini. Mu kafa ƙungiya, ko mu mutu a kan kwamfuta!"

Abokan aikinsa suka ɗaga hannu, wani ya ture bokiti. Sai ƙofa ta buɗe, ga Oga tsaye. Ga matar Dogo da tsohon ciki, ga aiki zai tafi.

"Ranka ya daɗe, tsintsiya muke nema," in ji Dogo.

"Ku matsa min, ni ma na shiga," in ji Oga yana share hawaye. "Manhajarku ta binciko waɗanda ba sa tsinana komai. Ni ta fara kora."