Yunwar Guduma

Fizga ɗaya ɓarawon ya yi, rediyon ta bar cinyar Guduma. Kafin tsohon ya miƙe daga kujerar ƙofar gida, ɓarawon, sanye da hular kwano, ya sha kwana. Guduma ya bi shi taku ashirin, ƙafafu suka ce ba da su ba, ya kife a bakin kwata, haɓa ta fashe.

Rediyon ta matarsa ce. Wata huɗu da rasuwarta, wata huɗu kuma rabon tsohon ɗan damben da abincin kirki. Mutumin da a da yake tashi da kaza biyu bayan wasa, yanzu cokali uku sai ya ture kwano. A gabansa likita ya gaya wa 'yarsa Auta:

"Cikinsa lafiya lau, matsalar a kai take. In jiki ya motsa ya yi gumi, ƙwaƙwalwa tana sakin sinadaran da ke sassauta baƙin ciki, in an huta kuma yunwa ta biyo baya. Ya riƙa tafiya. In ba haka ba, nan da wata guda ta hanci za mu zura masa tiyo."

"Ka zura wa ubanka," in ji Guduma.

Auta ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi faɗa. Ko ƙofar layi bai taka ba. Ƙarshe ta koma ajiye masa kula a kan tebur ta fita aiki da sassafe, ta dawo ta tarar da ita yadda ta bar ta.

Ranar da aka fizge rediyon ya shigo da jini a riga, yana ta ashar. Bai ankara ba sai ya ga ya ci rabin kular.

Washegari ɓarawon ya dawo. Ya tsaya a kwana cikin ƙatuwar rigar sanyi, gilashin hularsa a rufe, ya ɗaga rediyon sama ya kunna tashar da marigayiya take ji. Bakaniken layin ya ɗauko sifana, mai shago ya ɗauko gora.

"Duk wanda ya taɓa shi, ni da shi ne!" Guduma ya daka musu tsawa. "Nawa ne."

Haka aka shiga yi kullum safiya. Taku ashirin ya koma layi ɗaya, layi ɗaya ya koma uku. Ɗan banzan yana da wulaƙanci: in tsohon ya tsaya haki, shi ma sai ya tsaya, ya ƙara wa rediyon murya. Batirinta kuwa bai taɓa mutuwa ba.

A sati na biyu Guduma ya kamo rigarsa. Ɓarawon ya juyo ya ɗirka masa naushi a baki, haƙori ɗaya ya tafi. Tsohon ya tofar da jini, ya ji wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙeya, irin wanda ya manta da shi. Ya kuma lura da abu ɗaya: mutumin in ya kai naushi da dama, gwiwar hannunsa ta hagu tana ɗagawa, haƙarƙari ya zauna a buɗe. Ya taɓa yi wa wani faɗa a kan wannan kuskuren, ya manta ko wane ne.

"Baba, a kan rediyo za ka kashe kanka?" in ji Auta da yamma, tana goge masa leɓe da auduga.

"Rufe min baki, ki ƙaro shinkafa."

Ta miƙe a hankali, dafe da bango. Ta ce tsayuwar wajen aiki ce.

Ranar ashirin da uku ya ritsa shi a lungun bayan gareji, inda babu mafita. Ɓarawon ya ajiye rediyon a kan tsohuwar taya, ya dunƙule hannu. Guduma ya sha biyu a ido, ya sha ɗaya a kunne, ya haƙura yana jira. Naushin dama ya taho, gwiwar hagu ta ɗaga. Ya zuba naushin da ya samo masa sunansa, ya ji ƙashi ya ce ƙas. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Ɓarawon ya durƙushe, jini na ɗigowa ta ƙasan hular.

"Gobe ma ka dawo, ɗan iska."

Bai ko damu ya ga fuskarsa ba. Ya ɗauki rediyon ya zagaya layi yana nuna wa jama'a, sannan ya nufi gida, cikinsa na kiran ciroma. Ya cinye kular tas, ya suɗe, ya soya ƙwai huɗu da hannunsa, ya bi da burodi. Sai ya ɗauko waya ya kira Auta, don ta san ubanta bai mutu ba.

Wayar ta yi ƙara a cikin gidan, daga ɗakin ajiya na ƙofar baya.

Ya tura ƙofar. Tana zaune a ƙasa cikin ƙatuwar rigar sanyi, hular kwano a gefenta, hannu dafe da haƙarƙarin hagu, jini a haɓa. Ta ɗago da ƙyar ta ce, "Baba, ka cinye?"