Gwiwar da Ba Ta San Ƙasa Ba

Da rurin baburan 'yan bindiga ya ɓullo daga daji, duk Kuyello aka watse cikin gonaki, ban da tsohon ɗan damben da shanyewar ƙafa ta zaunar a ƙofar gida.

Sai inuwa ta rufe shi. Abokin karawarsa ne na da, ƙaton da ya yi dambe har Ikko gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Ƙaton ya juya baya, ya durƙusa. "Hau, tsoho."

Tsohon ya hau bayansa, ya leƙa ƙasa. Ga gwiwar nan dumu-dumu cikin turɓaya.

"Ƙuruciyata kaf na ƙarar wajen neman kai gwiwar nan ƙasa," ya ce. "Yau ta kai, ba makaɗi, ba 'yan kallo."

"Riƙe ni da kyau," in ji ƙaton, ya miƙe.